Yadda nake odar abinci da cefane ta waya a Zariya duk da cutar siliyak

Mai cutar siliyak idan zai sayi abinci ta waya, babbar matsalarsa ita ce ba ya ganin tukunya. Hoto kawai zai gani a WhatsApp ko Instagram, waina ta yi fari tas, miya na ƙyalli, ya tura kuɗi, ɗan acaɓa ya kawo. Abin da aka zuba a ƙullin kuwa, sai mai abincin da Allah. Ni ina zaune a Samaru, ina da wannan larura, kuma aiki ba ya barina in girka kullum, don haka dole na koyi yadda ake tambaya.

Ga wanda bai san cutar ba: akwai wani sinadari mai suna gulutin a cikin alkama da sha'ir da wani hatsin Turai da ake kira rai. Idan mai siliyak ya ci shi, garkuwar jikinsa ce take juyowa ta far wa ƙaramin hanjinsa, ta lalata wurin da ke tsotsar amfanin abinci. Daga nan sai gudawa, kumburin ciki, ƙarancin jini, rama da kasala. Ana ƙiyasta kusan mutum 1 cikin 100 a duniya yana da ita, kuma maganinta ɗaya ne, ƙaurace wa gulutin har ƙarshen rayuwa. Ɗan ɓurɓushi ma yana yin ɓarna ko mutum bai ji ciwo nan take ba. Idan zargi kike yi ba a tabbatar miki ba tukuna, don Allah kada ki daina cin alkama kafin gwaji, domin gwajin jinin da na hanjin suna iya fitowa kamar lafiya lau. Ki fara ganin likitan ciki, ko a asibitin koyarwa na Shika ko inda ya sauwaƙa.

To, batun oda. Kada ki ce wa mai abinci "akwai gulutin a ciki?" Yawancinsu ba su san kalmar ba, kuma mutanenmu da kara, za ta ce miki "babu, Hajiya" da zuciya ɗaya. Ko "akwai alkama?" bai isa ba, domin a wurin mutane da yawa alkama ita ce tsabar da ake alkaki da ita, fulawa daban, Semovita daban, taliya daban, kuskus daban. Alhali duk alkama ce. Shi ya sa ba na yin tambayar da za a amsa da e ko a'a. Cewa nake ta lissafa mini. Kuma saƙon murya nake turawa, don ta ji da gaske nake. Kusan haka nake faɗa:

"Salamu alaikum Anti, ina wuni, ya kasuwa? Kafin in tura kuɗi, ina da larura, likita ya hana ni duk abin da aka yi da alkama, har fulawa da Semovita da taliya, ko ƙanƙani ne yana kwantar da ni. Don Allah me da me kike zubawa a ƙullin wainar? Kuma man da kike suya da shi, an soya fanke ko cincin a ciki?"

Wadda ta tsaya ta lissafa, ko ta ce "bari in tambayi yarinyar da ta kwaɓa", ita nake so. Wadda ta amsa da "ba komai, ki yi oda kawai", ina yi mata godiya in haƙura.

Gurasa, funkaso, alkubus, alkaki, dublan, fanke, shawarma, samosa, waɗannan ba sai an faɗa ba. Waɗanda suke kama mutum su ne abincinmu na gargajiya da muke ɗauka lafiya lau ne. Ɗanwake na gaba-gaba: asalinsa garin wake da na rogo da kuka, amma yanzu da wuya ki samu na sayarwa wanda ba fulawa. Waina shinkafa ce, sai dai wasu suna ƙara fulawa ko Semovita don ta yi laushi ta yi auki. Dambu wani na tsakin masara ne, wani na shinkafa, wani na kuskus, kuma a hoto duk kamarsu ɗaya. Tuwo ma a tambaya, akwai masu ɗaure shi da Semovita. Soyayyar kaza ta gidajen abincin zamani galibi a fulawa ake birkiɗa ta, soyayyar shinkafa kuma wasu suna zuba mata baƙin ruwan waken soya na kwalba, wanda yawanci da alkama ake haɗa shi. Ƙosai da awara su kansu ba laifi, man ne abin dubawa.

Abin da na fi yin oda shi ne shinkafa da wake da mai da yaji, tuwon masara ko na dawa da miyar kuka, faten acca, alale, fura da nono, gasasshen kifi. Ko a garau-garau ɗin ina roƙo kada a ɗiba mini da cokalin da aka ɗebi taliya, kada kuma a tace shinkafar a kwandonta. Ina yin oda da wuri, kafin azahar ta yi layi ya cika, lokacin da mai abinci take da sukunin kula da nawa. In ce ta rufe shi daban ta rubuta sunana a murfi. Mai kawowa kuma ina kiransa da kaina: "Malam, don Allah kada a haɗa ledata da ta burodi."

Cefane ya fi ba ni tsoro, saboda injin niƙa. Garin masara da ake tallarsa a intanet, an ƙulla shi a leda mai kyau an rubuta "tsantsar masara", yana iya zama tsantsar masara da gaske, amma a wane inji aka niƙa? Idan wadda ta riga ki a layi alkama ta kawo, ragowar garinta yana cikin injin, naki ne zai wanke shi. Haka mudun da ake auna fulawa a shago, shi za a tsoma a buhun garin dawa. Don haka na daina sayen gari. Tsaba nake oda: gero, dawa, masara, acca, shinkafa, wake, tiya-tiya, daga wata mai yi mini sayayya a kasuwar Sabon Gari ta ɗoro wa mai keke. Idan sun iso sai in baza a faranti in tsince, domin ƙwayar alkama tana ɓuya a cikin dawa, in wanke in shanya. Kaɗan-kaɗan ina niƙawa a gida da ƙaramin inji. Mai yawa kuma akwai mai injin da muka yi magana da shi, ba ya karɓar alkama, duk da haka garin farko da ya fito ware shi nake in bayar. Wannan ɗawainiya ce, ban ɓoye miki ba, amma tun da na kama ta cikina ya kwanta.

Kayan gwangwani da na kwali a manyan shagunan intanet irin su Jumia da Konga, hoton gaban kaya suke nunawa. Ni bayan kwalin nake nema, inda aka jera abin da ke ciki. Idan babu hotonsa, in tura wa mai sayarwa saƙo ya ɗauko mini. Idan ya ƙi, na fasa. Da Turanci ake rubutawa, don haka ki haddace waɗannan ko ba kya jin Turanci: wheat, barley, rye, malt, semolina. Duk inda ɗaya ya fito, a bar shi. Ki duba lemukan malt da garin shayi da ɗunƙulen magi da garin kori sosai, domin wasu akwai alkama ko sha'ir a ciki, kuma kamfani ɗaya yana iya canza haɗinsa daga ƙasa zuwa ƙasa. Hatsin ots shi kansa ba alkama ba ne, amma yana yawan gauraya da ita tun daga gona, sai wanda aka rubuta "gluten free". A ma'aunin duniya na Codex, wannan rubutu yana nufin gulutin bai wuce miligiram 20 a kilo ɗaya ba. Lambar NAFDAC kuwa shaidar rajista ce, ba ta ce babu alkama ba. Na ji mutane da dama suna rikita su.

Ki gaya wa mai shago tun farko, idan abin da kika zaɓa ya ƙare kada ya musanya da wani, ya kira ki. Kaya na isowa ki karanta bayansu mai kawowa yana tsaye, mayarwa ta fi sauƙi a lokacin.

Masu abinci ƙalilan nake hulɗa da su, kuma ina biyansu ɗan ƙari da daɗin rai saboda wahalar da nake ba su. Su ma lokaci-lokaci ina sake yi musu tambayar nan ta farko, musamman idan shinkafa ta yi tsada ko na ji an sauya mai taya su aiki, domin a irin lokacin ne fulawa take shiga ƙulli.