Ɗaukar Shatar Jirgin Nutso: Kurakuran da Aka Fi Yi da Yadda Ake Gyara Su

Jirgin nutso na kwana shi ne wanda masu nutso ke tarewa a cikinsa mako guda ko kwana goma, a nan ci a nan kwana, suna faɗawa ruwa sau uku ko huɗu a rana. A otal, in ɗaki bai yi maka ba sai ka ɗauki jakarka ka canza. A jirgi kuwa, da zarar an kwance igiya an bar tasha, abin da ka tarar shi ke nan har a dawo. Shi ya sa kusan duk kuskuren da ke ɓata irin wannan tafiya tun a tudu ake yinsa, watanni kafin ranar tashi, lokacin da mai shirya tafiyar ke riƙe da waya yana kallon hotunan ɗakunan kwana da na faɗuwar rana.

Mutane kan fara tsayar da ranar hutunsu, sannan su zaɓi tsibirin da sunansa ya fi yi musu daɗi, da tunanin ƙasar zafi kullum ɗaya ce. Ai ba sanyi ke raba lokuta a can ba, iska ce. Tubbataha, wurin nutso a tsakiyar tekun ƙasar Filifin, daga tsakiyar Maris zuwa tsakiyar Yuni kaɗai ake zuwa, kuma sai an kwana ana tafiya daga birnin Puerto Princesa kafin a isa. Hukumomin Tailan suna rufe tsibiran Similan daga tsakiyar Mayu zuwa tsakiyar Oktoba. A Indonesiya, kakar Raja Ampat daga Oktoba ce zuwa Afrilu, in tsakiyar shekara ta yi sai jirage da yawa su koma Komodo. A Maldibs ruwa ya fi yin garau daga Disamba zuwa Afrilu, amma taron manta, manyan kifaye masu faɗi kamar fukafukai, da ake ba da labari a gaɓar Hanifaru a ɗaya kakar yake, ta iskar kudu maso yamma. Kuma a Hanifaru ɗin an hana nutso da tukunyar iska, sai dai a yi iyo a saman ruwa ana leƙe. Wanda ya yi shatar jirgi sukutum saboda wannan wuri bai tambaya ba, zai ga manta, amma ba yadda ya ƙudurta ba. Gyaran shi ne a juya tsarin: in rana ce ba ta motsuwa, a nemi tekun da ke cikin kakarsa a wannan watan. In wurin ne aka ƙallafa wa rai, to rana ta bi shi.

Kuskuren da ya fi wannan ciwo, domin har zumunci yake ɓatawa, shi ne a auna tafiyar da ƙwarewar gwanin cikin ayari. Mai shirya tafiya yawanci shi ne ya fi kowa daɗewa a harkar, sai ya zaɓi inda ransa ke so, ya cika sauran gadajen da abokai waɗanda bara suka karɓi takardar shaida. Takardar matakin farko ta PADI, ƙungiyar da ke horar da masu nutso, iyakarta mita 18, ta mataki na gaba mita 30. Amma takarda ba ta faɗin yadda mutum zai yi in ruwa ya ja shi. A mashigan ruwa na Maldibs, ko a Komodo, ko a tsibiran Darwin da Wolf na Galapagos a ƙasar Ekwado, ana sauka ne da sauri, a kai ƙasa kafin ruwa ya kwashe mutum daga wurin. Ka ɗauki mai nutso 12 kacal a littafinsa ka sa shi a nan. Kunnensa bai buɗe ba tukuna, 'yan'uwansa sun yi ƙasa, yana harbin ruwa da ƙafa iya ƙarfinsa, numfashinsa na fita sama-sama, kumfa na tashi ba ƙaƙƙautawa. Cikin minti 20 allurar ma'aunin iskarsa ta kusa ja, dole jagora ya hau da shi, wani lokaci da duk rukunin. A rana ta uku sai ka ga ya daina fitowa wajen bayanin safe, yana cewa kansa ke ciwo, alhali kunya ce da tsoro. Ba laifinsa ba ne, an kai shi inda bai isa zuwa ba.

Saboda haka jirage da yawa masu zuwa tsibiran Brothers da tudun murjani na Daedalus a Bahar Maliya suke neman a nuna musu nutso 50 a rubuce. Kafin ka biya ko sisi, ka tattara bayanin kowa: matakin takardarsa, yawan nutsonsa, da ranar da ya yi na ƙarshe. Na ƙarshen nan ya fi muhimmanci a ganina, don mai nutso 200 da ya shekara uku bai taɓa ruwa ba yana buƙatar tuni kamar sabon shiga. Ka tura wa masu jirgin jerin, ka tambaye su jagora nawa za su bayar. In ayarin gauraye ne, kuɗin ƙarin jagora guda ya fi duk wani ƙawa da za a saya a jirgin amfani.

Yanzu ga abin da na fi so a tsaya a kai. Mutane suna tambayar girman gado da na'urar sanyaya ɗaki da ko akwai intanet, ba su tambayar wa ke farke da dare. A ranar 2 ga Satumba 2019, jirgin nutso mai suna Conception ya kama da wuta da tsakar dare kusa da tsibirin Santa Cruz a jihar Kalifoniya ta Amurka. Mutum 34 suka mutu, dukansu suna kwance a ɗakin ƙasa. Hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka ta gano cewa babu mai sintiri a farke kamar yadda doka ta tanada, kuma hanyoyin fita biyu na ɗakin kwanan duk a falo ɗaya suke ɓullewa, wanda wutar ta riga ta cinye. Wannan a ƙasar da ake duba jirage ke nan. A Bahar Maliya ma an yi ta samun gobara da kifewar jiragen nutso a 'yan shekarun nan, ciki har da wanda ya nutse kusa da Marsa Alam ta Masar a Nuwamban 2024. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

To ka tambaya, kuma a rubuce. Akwai mai gadin dare da ke zagayawa har gari ya waye? Akwai na'urar jin hayaƙi a kowane ɗaki? Hanyar fita ta biyu ina take ɓullewa? A ina aka yarda a yi cajin batiran fitila da na kyamara, kuma ana cire su kafin a kwanta? Kwale-kwalen ceto mutum nawa suke ɗauka, yaushe aka duba su? Iskar oksijin ta gaggawa za ta kai awa nawa? Kamfanin kirki ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi, amsar tana hannunsa. Wanda ya fara kewaye-kewaye, ko ya ce kada ka damu ba a taɓa samun matsala ba, ya riga ya ba ka amsa.

In kun shiga jirgin kuma, kada ka tsaya ga bayanin baki. Ka sauka ɗakinka, ka kashe fitila, ka lalubo ƙofar tsira da hannu, ka tura ta ka ji ko tana buɗewa, ko an ɗora kaya a kanta ta sama. Ka fito da rigar ceto daga inda aka cusa ta, ka gwada a jikinka. Ka sa fasfo da magungunanka da ƙaramar fitila cikin jakar da ruwa ba ya shiga, ka rataye kusa da kanka. Duka bai fi minti biyar ba, kuma in kai ne ka tara mutanen nan, haƙƙinsu ne a kanka ka sa kowa ya yi.

Sai batun kuɗi, inda araha ba ta ado. Farashin da ake tallatawa sau da yawa na gado ne da abinci da tukunyar iska kawai. Kuɗin shiga gandun ruwa daban, na tasha daban, ƙarin kuɗin mai daban, haka naitiroks (iskar shaƙa mai ƙarin oksijin) da hayar kaya da tukwicin ma'aikata. Shiga Galapagos kaɗai dala 200 ne ga baligi baƙo tun daga Agustan 2024. Ka nemi a rubuto maka jimillar abin da mutum ɗaya zai kashe daga filin jirgin sama zuwa filin jirgin sama, da wanda sai da tsabar kuɗi ake biyansa a cikin jirgi. Abin da masu shata suka fi mantawa shi ne, a shatar jirgi gaba ɗaya kuɗin jirgin ake bin ka, ba na kawuna ba. In ka ɗauki mai gado 16 mutum huɗu suka janye, kuɗinsu na wuyanka, kuma kafin alƙalami ba kasafai ake mayarwa ba. Don haka kada ka sa hannu kan alkawarin baki na abokai. Kowa ya ajiye nasa kason tukuna, a kuma amince tun farko cewa wanda ya fasa shi zai kawo madadinsa. Ka karanta abin da yarjejeniyar ta ce in injin ya lalace, ko in kamfanin ya sauya muku jirgi. Sauya hanya saboda iska kuwa haƙƙin kyaftin ne, kada ka matsa masa.

Tikitin jirgin sama ma yana da nasa tarkon ta gaba da ta baya. Wanda ya shirya sauka a ranar da jirgin ruwa zai tashi, in jakarsa ta makara ko aka soke masa tashi, ba za a jira shi ba, kuma tasoshi irin su Sorong, mashigar Raja Ampat, sai an yi canji a hanya kafin a kai. A isa da kwana guda a gaba. Wajen komawa, ƙungiyar DAN mai kula da lafiyar masu nutso ta ba da shawarar a jira aƙalla awa 18 bayan nutson kwanaki a jere kafin a hau jirgin sama, jirage da yawa kuma awa 24 suke sa wa. Dalili shi ne naitirojin da jiki ya sha a ƙarƙashin ruwa bai gama fita ba, in matsin iska ya ragu sai ya zama kumfa a jini da gaɓoɓi. Maganin wannan ciwo sai ɗakin matsin iska, wato inda ake rufe majinyaci a ƙara masa matsin iska, kuma inshorar tafiya ta gama-gari sau da yawa ba ta ɗaukar nauyinsa. A sayi wadda ta ambaci nutso da kwaso majinyaci ƙarara. A kuma san nisan da ke tsakani: tsibirin Cocos na Kosta Rika tafiyar wajen awa 36 ce daga Puntarenas. A irin wannan wuri ba a wasa da iyakar da kwamfutar nutso, wato na'urar hannu mai auna zurfi da lokaci, ta nuna.

Sauran ƙanana ne amma suna hana nutso. Bakin tukunya iri biyu ne, na DIN mai zare da mai maƙalawa, ka tambayi wanda ke jirgin ko ka tafi da mahaɗi. Mai shan iska da yawa ya nemi tukunya mai lita 15 tun kafin tafiya, don kaɗan ake ajiyewa. Kayan da aka kai gyara a gwada su a ruwa kafin a sa a jaka. Kowa ya riƙe kwamfutarsa da balan-balan ɗin alama da ake cikawa a tura sama, ya kuma koyi tura shi tun a ruwa mai kwanciya. Mai jin jiri a teku ya nemi ɗakin ƙasa na tsakiyar jirgi, inda tangaɗi ya fi sauƙi, ya sha maganinsa kafin a tashi. Kunne kuwa shi ya fi kwantar da mutane a rana ta huɗu: a riƙa ɗauraye shi da ruwa mai daɗi bayan kowane nutso, a bar shi ya bushe, in ya fara zafi a haƙura da nutso ɗaya ko biyu a zauna a inuwa.