Yadda ake juya sunaye tsakanin Python da JavaScript ba tare da ƙ da ɗ sun salwanta ba

Duk wanda ya rubuta manhaja mai gefe biyu, Python a bayan fage, JavaScript a fuskar da jama'a ke gani, ya san inda gizo ke saƙar: abu ɗaya ne amma sunansa biyu. Ni nake kula da manhajar ƙungiyar manoman riɗi da zoɓo ta garinmu, nan gefen Gumel. Tana riƙe da sunan manomi, lambar wayarsa, buhun da ya kawo, da takin da aka ba shi bashi. A Python filin buhu sunansa `adadin_buhuna`, a JavaScript kuma `adadinBuhuna`. In aka bar su suka haɗu kai tsaye, sai wayar sakatare ta nuna wurin wayam, alhali bayanin yana nan daram a rumbun bayanai.

Kowane yare da al'adarsa. Python tana bin ƙa'idar PEP 8, wadda Guido van Rossum da abokan aikinsa suka fitar a 2001: ƙananan haruffa da layin ƙasa tsakanin kalmomi, salon da ake kira snake_case. Sunan `class` kuwa kowace kalma da babban harafi take farawa, kamar `BuhunRidi`, abin da ba ya canzawa kuma a rubuta shi da manyan haruffa zalla, `FARASHIN_TAKI`. Masu JavaScript sun saba da camelCase, kalmar farko ƙarama, sauran kowacce da tozonta. CSS, yaren tsara kamannin shafi, da adireshin shafi su kuma karan-ɗori suke so, `adadin-buhuna`, wanda in ka kai shi Python za ta ɗauka lissafin ɗebewa kake yi.

Kada ka ce za ka tilasta wa gefe ɗaya ya bi ɗayan. Bar kowa da salonsa, ka yi juyin a wuri ɗaya tak, wato inda bayani ke fita daga Python zuwa waya da inda yake dawowa. Manomi da tiya yake auna riɗinsa, mai saye da kilo yake biya, sikeli kuma ɗaya ne a bakin sito. Da zarar juyi ya warwatsu cikin fayil goma, ranar da wani abu ya ɓata sai ka kwana nema.

Ga na fita daga salon JavaScript zuwa na Python:

```python
def zuwa_snake(suna):
    fita = []
    for i, h in enumerate(suna):
        if h.isupper() and i > 0 and suna[i-1].islower():
            fita.append("_")
        fita.append(h.lower())
    return "".join(fita)
```

Wanda ya ɗan jima a harkar zai ce me ya sa ban yi shi a layi ɗaya da `[A-Z]`, tsarin neman manyan haruffa, ba, kamar yadda ake gani ko'ina a intanet. Dalilina biyu. `[A-Z]` haruffa 26 na Turanci kaɗai ta sani. Ƙ, Ɗ da Ɓ suna can wani sashe na Unicode, babban jerin haruffan da kwamfuta ke aiki da shi, don haka `sunanƘauye` zai wuce ta gabanta ba ta gan shi ba, ka samu `sunanƙauye` a cure. Ita kuwa `isupper()` ta san Ƙ babba ce, `lower()` ma ta san ƙaramarta. Na biyu shi ne gajerun sunaye irin NIN da BVN, lambar shaidar ɗan ƙasa da lambar tantancewa ta banki, waɗanda rajistar manoma kan ɗauka. Hanyar layi ɗaya mai sa layin ƙasa gaban kowane babban harafi za ta mayar da `lambarNIN` ta zama `lambar_n_i_n`. Wannan ta sama sai ta ga ƙaramin harafi a baya kafin ta yanka, sai ta ba ka `lambar_nin`.

Komawa ya fi sauƙi:

```python
def zuwa_camel(suna):
    farko, *saura = suna.split("_")
    return farko + "".join(k.capitalize() for k in saura)
```

Amma duba da kyau. `lambar_nin` in ta dawo `lambarNin` take zama, ba `lambarNIN` ba, kuma a wurin JavaScript waɗannan biyun ko dangi ba su haɗa ba. Babu dabarar da za ta tuna maka cewa da can manyan haruffa ne, wannan labarin ya tafi tun a juyin farko. Maganin kawai tun ranar raɗin suna ka rubuta `lambarNin` da `lambarBvn`. Ba su da kyan gani, na yarda, amma suna zuwa su dawo lafiya. Ni duk sabon suna sai na aike shi ta `zuwa_snake` na dawo da shi ta `zuwa_camel`. In bai dawo yadda ya tafi ba, sunan nake canzawa, ba na taɓa na'urar juyin.

Kuma sunayen filaye kaɗai ake juyawa, ban da abin da ke cikinsu. In manomi ya ce ƙauyensu kaza, haka za a bar shi harafi da harafi.

Sai maganar haruffanmu masu lanƙwasa. Python 3 ta yarda ka sa su a sunan abu, `ƙauye = "..."` zai yi aiki sumul. Duk da haka ni ba na yi. Kwamfutar da za ka ara ranar da batirin taka ya mutu, ga rana ta faɗi sola ba ta ja, ba lallai ne tana da ƙ a allon bugunta ba. A cikin lambar manhaja `kauye` da `ridi` sun wadatar, a ajiye cikakken rubutu don abin da mutane za su karanta. Illa dai a kula da kalmomin da ke karo in an cire lanƙwasa: baki da baƙi duk `baki` za su koma, sai ka ƙara kalma ta biyu ta raba gardama.

Inda abin ya fi ban dariya shi ne adireshin shafi. Django, kayan aikin gina shafukan intanet da Python, tana da `slugify`, mai mayar da kanun magana zuwa salon karan-ɗori. Harafi irin é na Faransanci tana cire masa hula ta bar e. Namu kuwa lanƙwasar jikin harafin ce, ba hula ba ce da Unicode zai iya cirewa, don haka sai ta yar da harafin ɗungurungum. "Farashin riɗi" ya koma `farashin-rii`, zoɓo kuma ya zama `zoo`. Kafin ka miƙa mata rubutu, ka sauya su da hannunka:

```python
tebur = str.maketrans("ƙɗɓƴƘƊƁƳ", "kdbyKDBY")
slugify(kanu.translate(tebur))
```

Wani tarkon kuma `title()`. Mutane suna son ta don gyara sunayen da aka shigar da ƙananan haruffa, amma duk harafin da ya biyo bayan alamar ɗauri tana ɗaga shi: `"sa'adu".title()` zai ba ka Sa'Adu, ma'aji ya zama Ma'Aji. Raba kalmomin ka yi wa kowacce `capitalize()`, sai ka duba irin su 'yan da 'ya'ya daban, don harafinsu na farko alama ce, y ɗin ba za ta tashi ba.

Jam'i shi ne inda na fi jin haushin kayan aikin nan, don duk da kunnen Turanci aka ƙera su. Ka ƙirƙiri `class Manomi` a Django, shafin gudanarwa zai liƙa masa s. Shugaban ƙungiyarmu, dattijo ne mai karatun boko daidai gwargwado, ya taɓa leƙa irin wannan shafin a manhajar da wasu suka kawo mana talla. Ya gyara tabarau ya ce da ni, "Ɗana, su wane ne kuma manomis?" Na ce, "Baba, ku ne." Gyaran layi ɗaya ne: a cikin `class Meta` ka rubuta `verbose_name_plural = "manoma"`. Rails, takwarar Django a yaren Ruby, ta fi zaƙewa, don ita har sunan tebur take ciro wa daga jam'in Turanci, sai ka shiga fayil ɗin `inflections.rb` ka gaya mata `inflect.irregular "manomi", "manoma"`.

Kada ka ɓata lokacinka wajen rubuta abin da zai ƙirƙiro jam'in Hausa da kansa. Gona gonaki, akuya awaki, ɗalibi ɗalibai, mace mata. Buhu ma wasu su ce buhuna, wasu buhunhuna. Manhajar ƙungiya ba za ta wuce 'yan kalmomi ba, ka jera tilo da jam'insu a ƙaramin ƙamus cikin fayil ɗaya, ka zaɓi jam'i guda ka tsaya a kai.

A rumbun bayanai kuwa salon Python za ka bi. PostgreSQL, ɗaya daga cikin manhajojin rumbun bayanai, tana mayar da duk sunan da ba a sa cikin alamar zance ba zuwa ƙananan haruffa, `sunanManomi` ya zama `sunanmanomi`. Takwararta MySQL kuma a kan Linux tana bambanta `Manoma` da `manoma` a sunan tebur, a kan Windows ba ta yi, shi ya sa manhaja kan yi aiki a kwamfutarka ta ƙi tashi ranar da aka ɗora ta a saba, wato kwamfutar da ke riƙe da ita a intanet. Ƙananan haruffa da layin ƙasa, tebur da filaye duka, tun kafin a shigar da manomi na farko.