Yadda Ake Buga Hoto Da Farantin Araldite

Wannan fasaha daga kuskure ta samo asali. Bruce Onobrakpeya, mai zane ɗan Najeriya wanda aka haifa a 1932 a Agbarha-Otor ta jihar Delta, ya yi karatun zane a Zariya, yana cikin ƙungiyar ɗaliban zane da aka kafa can a 1958 tare da su Uche Okeke da Yusuf Grillo. A 1967 ruwan asid ya cinye masa farantin zinki, ya cike ramukan da Araldite, wato gam mai zuwa a bututu biyu da ake haɗawa, da ya buga sai ya ga hoton ya fito da tudu da kwari. Bai yar ba, ya mai da shi hanyar aiki.

Kai ba ka buƙatar asid. Samo filawud mai kaurin milimita 4, shi ne zai zama farantinka, ka goge gefunansa da sanfefa su kwanta, don kaifin gefe yana yaga takarda. Shafe shi da banish gaba da baya. Araldite kuwa mai jinkirin daskarewa za ka saya. Na minti biyar, a zafin Kaduna, kafin ka ja layi uku ya kama. Haɗa bututun biyu daidai wa daida, ka shimfiɗa a kan filawud ɗin, kaurin kada ya wuce milimita 2. Idan ya fara yauƙi kamar alewa, ja zanenka da basilla ko bakin ƙusa. Rubutu a juye ake yinsa. Bar shi awa 24.

Wurin sharar tawada ne sababbin hannu suke faɗuwa. Tawadar masu injin ɗab'i ta isa, ta fi araha, amma tana da tauri, sai an sassauta ta da ɗigon man linsid. Cusa ta cikin kowane layi da tsohon buroshin haƙori. Sai ka dunƙule tsohon gidan sauro kamar ƙwallo, ka riƙa zagayawa a saman farantin da hannu sakwa-sakwa. Ba wanki kake yi ba. Wanda ya danna, ya kwashe tawadar cikin layukan, hotonsa ya fito fari-fari kamar an wanke. Wanda ya ji tsoron gogewa kuma, tawada ta taru a kwaruruka, matsi ya fesar da ita, komai ya zama baƙi ƙirin. Tsumma mai laushi haramun ne a nan, yana nutsewa cikin layi. Juya gidan sauron zuwa gefe mai tsabta sau uku ko huɗu, ka ƙarasa da takardar jarida a shimfiɗe a tafin hannu. Alamar ya isa ita ce tudun ya yi sheƙi, kwarin yana nan baƙi.

Takarda mai kauri ta auduga, a jiƙa ta minti 15, a tsane ta tsakanin tawul biyu. Da hunturu ka sa ta a leda har lokacin bugawa, in ba haka ba ta bushe tana jiranka.

Goga bayan takarda da cokali ba ya tura ta cikin zurfin layi. In babu injin matsi, maƙeran kasuwar Panteka ta Kaduna za su haɗa maka firam na ƙarfe da jak ɗin mota. Faranti a ƙasa, takarda, bargo ninki biyu, katako, sai matsi. Ɗaga takardar daga kusurwa guda a hankali, ka wanke farantin da kananzir kafin tawadar ta bushe a cikin layukan.