Man goge baki mai fulorayid: yadda za ku zaɓa, da yadda za ku goge wa yara

Ina aiki a wani kantin sayar da magani a nan Tahoua, kuma tambayar da iyaye mata suka fi yi mini kan man goge baki ita ce: "Malama, wannan fulorayid ɗin ba shi ne ya nakasa yaran Tibiri ba?" Shi ne, sinadarin da ake sa wa man goge baki don kare haƙori daga ruɓewa. A Tibirin Gobir, kusa da Maradi, ruwan wata rijiyar burtsatse da aka haƙa a shekarun 1980 yana ɗauke da fulorayid fiye da ƙima. Yara suka yi shekaru suna sha, haƙoransu suka rine, ƙasusuwan wasu suka lanƙwashe. Tsoron nan yana da tushe, ba na raina shi.

Amma sha daban, shafawa daban. Hukumar Lafiya ta Duniya da ta ce kada fulorayid ya wuce miligiram 1.5 a kowace litar ruwan sha, ita ce kuma a 2021 ta sa man goge baki mai fulorayid cikin jerin magungunan da ba a so a rasa. Babban amfaninsa a kan haƙori yake, ba wajen haɗiye shi ba.

Farin ɓawon da ya lulluɓe haƙori haɗin kalsiyam ne da fosfat. Duk sanda sukari ya shiga baki, ƙwayoyin cutar da ke maƙale a haƙora sukan cinye shi su fitar da tsami, tsamin nan ya riƙa narkar da ɓawon. Miyau yakan mayar da abin da ya narke, in an ba shi lokaci. Mu kuwa masu shayi, kofi na farko, na biyu, na uku, kowanne da sukarinsa, yara kuma alewa ba ta barin bakinsu, yaushe miyau zai samu lokacin? Idan akwai fulorayid a baki, yakan shiga cikin gyaran, sabon ɓawon ya fi na da jure tsami. Na asali yana fara narkewa idan pH, wato ma'aunin tsami da lambarsa ke raguwa in tsami ya ƙaru, ya sauka ƙasa da 5.5, wanda fulorayid ya shiga kuwa sai wajen 4.5.

In kun zo saye, ku juya kwalin ku karanta bayansa. Na Faransanci za ku ga an rubuta fluorure de sodium ko monofluorophosphate de sodium, wanda ya shigo ta Konni daga Najeriya kuma sodium fluoride. Ku nemi lamba da haruffan ppm a gefenta, ita ce ke nuna yawan fulorayid da ke cikin man. Daga 1000 zuwa 1500 shi ne daidai, da yawa za ku ga 1450. Wanda ba a rubuta komai ba, ku ajiye shi komai arharsa. Ku duba ranar ƙarewar aikinsa, don fulorayid ɗin wasu mayukan yana raguwa in sun daɗe, balle wanda ya sha rana a kan tebur a kasuwa.

Sau biyu a rana, minti biyu, na dare shi ne babba domin miyau yana raguwa in an yi barci. Ga inda kusan kowa ke kuskure: bayan gogewa a tofar da kumfar kawai, kada a kurkure da ruwa. Wanda ya ɗauki buta ya kurkure sau uku ya wanke maganin da ya saya da kuɗinsa. Da azumi sai a goge bayan sahur kafin alfijir, da kuma kafin kwanciya. Asuwaki kada ku bar shi, yana share datti sosai, man dai ya zo a kansa da dare.

Yara su ne damuwata, domin haɗiyewa suke yi. Daga fitowar haƙorin farko zuwa shekara 3, ɗigo kamar ƙwayar shinkafa ya isa. Daga 3 zuwa 6, kamar ƙwayar wake. Uwa ko uba ne zai matsa man, ya tsaya a kan yaron har ya tofar. Yaron da ke haɗiye mai da yawa kullum kafin ya kai shekara 8, lokacin da haƙoran girma ke ginuwa a cikin dasashi, haƙoran nasa suna iya fitowa da fararen tabo da ba sa goguwa.

Ku ɗora man inda hannun yaro ba ya kai. Bututu mai giram 100 na 1450 ppm yana ɗauke da miligiram 145 na fulorayid, kuma kashi ɗaya cikin uku na wannan ya isa ya zama haɗari ga yaro mai kilo 10. Idan ya sha da yawa, a ba shi madara, kalsiyam ɗin cikinta yana kama fulorayid, a wuce da shi asibiti tare da bututun.

Idan kuma a garinku yara da yawa haƙoransu sun yi ruwan ƙasa tun fitowarsu, ruwan sha za a bincika. Tafasa shi ba ya cire fulorayid, ƙara masa ƙarfi ma yake yi. Ku kai magana ga likita da ma'aikatan ruwa a auna rijiyar, kafin nan a nema wa ƙananan yara ruwan sha daga wani wuri.