Ka saka dokar adireshi a WordPress amma 404 kake gani? Ga inda ake tuntuɓe

A ce kana da shafin farashin kayan abinci, kana so adireshin ya zama /farashi/masara/ maimakon wata doguwar jela mai alamar tambaya. Ka rubuta ɗan fulogin, ka saka add_rewrite_rule() a ciki, ka buɗe adireshin, sai ga 404, wato saƙon “ba a sami shafin ba”, ta tare ka. Kusan duk wanda ya taɓa wannan aiki ya sha wannan ruwan.

Abin da ya kamata ka fara ganewa shi ne, WordPress ba ya bin dokar da ke cikin fayil ɗinka kai tsaye. Yana da kwafin dokokinsa da ya adana a rumbun bayanai, cikin teburin wp_options, a ƙarƙashin sunan rewrite_rules. Wannan kwafin yake dubawa duk sanda baƙo ya shigo. Muddin ba a sabunta shi ba, dokarka kamar wasiƙa ce da aka rubuta aka bari a aljihu. Maganin gaggawa: shiga Settings, ka zaɓi Permalinks, ka danna Save Changes ko da ba ka sauya komai ba. Kana nan kuma ka duba, idan tsarin yana kan Plain, irin na ?p=123, babu dokar da za ta yi aiki.

Daga nan ne wasu ke faɗawa kuskuren da ya fi na farko muni. Da sun ga sabuntawa ta warware matsalar, sai su liƙa flush_rewrite_rules(), aikin da ke sabunta dokokin, a cikin init, wato matakin da WordPress ke bi duk lokacin da aka buɗe shafi. Ai kuwa an gudu ba a tsira ba, domin yanzu duk shafin da aka buɗe sai an sake gina dokokin gaba ɗaya an rubuta su a rumbu. A kwamfutarka ba za ka ji nauyin ba. Ranar da mutane suka yi yawa ne sabar za ta fara nishi. Wurin flush_rewrite_rules() shi ne register_activation_hook(), sau ɗaya lokacin kunna fulogin. A nan ma akwai tarko: a lokacin kunnawa init ya riga ya wuce ba tare da lambarka ba, don haka sai ka fara kiran aikin da ke rajistar dokar da hannunka, sannan ka sabunta. In ka juya tsarin, kwafin da za a adana babu dokarka a ciki. Ita dokar kuma ta ci gaba da zama a init, don a same ta duk lokacin da wani fulogin ya sake sabuntawa.

Sai maganar 'top' da 'bottom', kalmomin da ake ba add_rewrite_rule() don faɗa masa ko sama ko ƙasan jerin za a kai dokar. Idan ba ka faɗi komai ba, ƙasa ake kai dokarka. WordPress yana bin dokoki daga sama ne, ta farko da ta dace ita ke ci, kuma dokar shafuka ta WordPress tana da faɗin baki, kusan komai haɗiyewa take. Ka saka 'top', amma ka ɗaure dokar da kyau: '^farashi/([^/]+)/?$'. Kada ka fara ta da /, domin an riga an cire shi kafin a gwada. Ni dai ba na son (.*) ko kaɗan a dokar da ke sama, na taɓa ganin ta cinye adireshin feed na wani shafi, aka kwana biyu ana neman ɓarawo.

Wani ƙaramin abu mai cin rai: 'index.php?pagename=farashi&kaya=$matches[1]' dole ya kasance cikin alamar zance guda-guda. Ka saka shi cikin mai biyu-biyu, PHP zai ɗauka $matches tasa ce, ya nemi ƙimarta ya rasa, ya bar maka wurin fayau. Haka kuma idan bai fara da index.php ba, WordPress zai ɗauke shi dokar waje ya tura shi .htaccess, fayil ɗin da sabar Apache ke karantawa amma sabar Nginx ko kallonsa ba ta yi.

To shafi ya buɗe, amma get_query_var('kaya') ba ya dawo da komai? WordPress na watsar da duk sunan da bai sani ba. Ka gabatar masa da shi ta matatar query_vars ko ta add_rewrite_tag('%kaya%', '([^/]+)'). Kada ka leƙa $_GET, ba ya can. Sunan ma a zaɓe shi da lura: name, year, page, p da s duk suna da masu su, ɗaukar ɗaya daga ciki rigima ce. Gara ka sa masa gaba da sunan fulogin ɗinka, kamar frs_kaya.

Idan har yanzu abin ya ƙi, daina canke. Fulogin Query Monitor zai nuna maka dokar da ta kama adireshin, a WP-CLI kuma, wato manhajar sarrafa WordPress ta hanyar rubuta umarni, wp rewrite list --match=farashi/masara zai jero waɗanda suka dace da shi. In taka ba ta cikin jerin, ko dai ba a sabunta ba ko tsarin dokar bai dace da adireshin ba. In tana ciki amma wata ta riga ta, koma kan 'top'.