Kafin ka ɗaga tsohuwar jif ɗinka, fara da taya

Jama'a, in kana haɗa tsohuwar Pajero ko Land Cruiser don shiga daji kuma kuɗinka kaɗan ne, kar ka fara da ɗaga mota, wato ƙara mata tsayi daga ƙasa. Sayi tayoyi masu manyan haƙora da ƙaramin famfon iska mai aiki da batir.

Da ka iso yashi, sauke iskar tayoyin zuwa wajen 18 ko 20 psi (ma'aunin ƙarfin iskar taya). Tayar za ta baje, ta kwanta a kan yashin maimakon ta tona rami ta nutse. Sau da yawa wannan kaɗai ke fitar da motar da ta kafe.

In tayoyin 'yan gwanjo ne, duba lambobi huɗu na ƙarshe bayan haruffan DOT da ke rubuce a gefen tayar, su ke nuna lokacin da aka ƙera ta: misali, 2319 na nufin mako na 23, shekarar 2019. Tsohuwar taya ko haƙoranta na nan, robar ta riga ta bushe.

Amma fa in ka sauke iska, a kan duwatsu masu kaifi gefen tayar zai iya yagewa, kuma in ka sauke ƙasa da 15 psi, tana iya zamewa daga rim a kwana. Da ka hau kwalta, tsaya ka mayar da iskar, in ba haka ba ta yi zafi ta fashe.