Neman shayi mai kyau a ƙasashen duniya: kurakuran da muka fi yi

Mu Sakkwatawa mun san shayi, wannan ba mai ƙwace mana shi. Da an sallame sallar asuba teburin mai shayi ya cika: Lipton, madarar gwangwani, Bournvita, burodi da ƙwai, ga mai shayi yana shiƙa shi daga kofi zuwa kofi har ya yi kumfa. Da wannan na tashi. Fatauci ne ya fitar da ni, yadi da kayan gida nake sarowa, ya kai ni Gwanzu da Dubai da Istanbul da Alƙahira. Duk garin da na sauka, kafin in tambayi hanyar kasuwa sai na tambayi inda mutanen garin ke shan shayi. Yanzu samarinmu da suka fara fita suna dawowa suna ce mini shayin waje ba daɗi. Na saurare su da yawa, kuma sau tari ba shayin ke da laifi ba.

Babban kuskuren shi ne mutum ya hau jirgi da kofin mai shayin unguwarsu a ransa. Ɗan ƙanwata na fara kai wa Istanbul. Muna zaune a wani shago aka kawo mana shayi ja wur a ɗan tambulan mai siririn ƙugu, da ƙwayar sukari biyu a gefe. Ya duba, ya dube ni, ya ce, "Kawu, wanga ai ba su gama haɗa shi ba, ina madarar?" Turkawa ba sa sa madara. Ganyensu daga Rize yake zuwa, a gaɓar Bahar Aswad, kuma da buta biyu suke dafa shi, ɗaya bisa ɗaya: ruwa na tafasa a ta ƙasa, ganye na jiƙa a ta sama da zafin tururi, kwata na awa ko fiye. Idan za a zuba, sai a fara da mai kaurin, a tsinka shi da ruwan zafi gwargwadon yadda kake so. In ya yi maka ƙarfi ka ce "acik", za a kawo maka mai sauƙi. Maganin wannan kuskure ɗaya ne, ka ba bakinka kwana uku. Ka sha yadda suke sha, kada ka yanke hukunci a kofin farko. Shi ɗan nawa, ranar da za mu taso shi ya tuna mini mu sayi ƙullin Çaykur, ganyen shayin da kamfaninsu ke sayarwa.

In kewar madara ta dame ka, akwai inda za ka same ta. A Dubai da Doha ka nemi karak, shayin madara ne mai kauri da hel, wani kayan ƙamshi, wanda mutanen Indiya da Pakistan suka kawo. A Makka da Madina ka tambayi shayi adani, na mutanen Yaman. A Masar kuwa sai ka faɗi irin wanda kake so: kushari shi ne wanda ake zuba wa ruwan zafi kawai, sa'idi shi ake dafawa har ya yi baƙi. Ka ce "sukkar barra" a kawo maka sukarin daban, in ba haka ba za ka sha zaƙin da ba ka shirya masa ba.

Kuskure na biyu ya fi ci mini rai, domin dukiya ake ƙonawa. Baƙin shayi da kore duk itace ɗaya ne. Bambancin a sarrafawa yake: baƙin ana murza ganyen a bar shi ya sha iska har ya yi duhu, koren kuwa da an tsinko ake ba shi zafi don kada ya juya. Saboda haka koren ganye mai daraja ba ya jure tafasa. Wani abokin cinikina a Caina ya taɓa ba ni Longjing, wanda ake nomawa a Hangzhou, ganye shimfiɗaɗɗe da ake soyawa da hannu a kasko, mafi tsadarsa shi ne wanda aka tsinka kafin farkon Afrilu. Na kawo shi gida, na ɗora buta a kurfoti, na zuba, na bar shi ya yi ta ɓararraka kamar yadda muka saba. Abin da ya fito ɗaci ne da bauri, ba wanda ya iya shanye kofinsa. Da na koma na faɗa masa, bai ce komai ba, sai ya tafasa ruwa ya sauke, ya bar shi ya huce na 'yan mintoci, ya zuba ganye kaɗan a tambulan ya kwarara ruwan a kai. Ganyen ya riƙa buɗewa yana nutsewa ɗaya bayan ɗaya, ruwan ya yi kore-kore mai haske, da ƙamshi kamar na gyaɗa sabuwar suya. Ƙa'idar ke nan: ruwa wajen digiri 80, minti biyu zuwa uku, ba sukari, kuma ganye ɗaya zai ba ka zubi uku.

Wani zai ce ai Buzaye koren shayi suke dafawa har ya ƙone. Gaskiya ne, amma wannan ganye daban ne. Shi ne wanda ake nannaɗewa ƙwaya-ƙwaya kamar albarushi, daga Caina shi ma yake zuwa, kuma shi 'yan Maroko ke haɗawa da na'ana'a. Yana ɗaukar wuta da sukari. Kafin ka biya kuɗin kowane ganye, ka sa mai sayarwa ya dafa shi a gabanka, ka lura da zafin ruwan, da yawan ganyen, da daɗewarsa a ciki.

Sai wurin saye. Inda ake kai 'yan yawon buɗe ido ba nan shayin kirki yake ba. A manyan kasuwannin Istanbul za a miƙo maka "shayin tuffa" mai zaƙi, kai kuwa ka cika jaka da shi. Yawancinsa gari ne na sukari da ƙamshi, ba ganyen shayi a ciki, kuma su Turkawa ba shi suke sha a gidajensu ba. Na filin jirgi kuma gwangwanin kake saye. Ka bi matan gari da tsofaffi ka ga shagon da suke shiga. A Gwanzu ka bar Xiaobei inda muke sauka, ka tafi Fangcun, kasuwar shayi ce sukutum, shago bayan shago, kuma ba wanda zai hana ka ɗanɗanawa. Abu ɗaya ka kiyaye: farashin da za a faɗa maka na ma'auninsu ne da suke kira "jin", wato giram 500, ba kilo ba. Na ga wanda ya yi ciniki yana murna ya yi araha, da aka auna ya ga rabin abin da ya zata. Haka kuma a Beijin ko Shanghai, in baƙon da ba ka sani ba ya tare ka a titi da fara'a ya ce ku je gidan shayi, ka ba shi haƙuri. Tsohon tarko ne, ƙarshensa takardar kuɗi mai nauyi.

Wanda zan faɗa yanzu ya fi duk sauran muhimmanci ga Musulmi. Ba duk abin da aka kira shayi ne shayi ba. A otal-otal da gidajen abinci na Turai da Amurka, har da wasu na Legas da Abuja, za ka ga Long Island Iced Tea a jerin abin sha. Ko ɗigon shayi babu a ciki. Barasa ce kala huɗu ko biyar aka haɗa da ɗan Coca-Cola, launin ne kawai ya yi kama da shayi. Jagertee na ƙasar Ostiriya shayi ne da giyar rum. Irish coffee gahawa ce da wiski. A kantunan Amurka, duk gwangwanin shayi ko lemon da ka ga an rubuta hard a jikinsa, giya ce, ƙarfinta kamar na giyar kwalba. Kombucha shayi ne da aka bari ya tsimu, kuma tsimin yana haifar da ɗan maye a ciki. Ko giyar da ake cewa marar maye, a Jamus doka ta yarda a rubuta alkoholfrei alhali akwai har kashi 0.5 cikin ɗari. Hukuncin irin waɗannan na ƙarshe ka kai wa malaminka, amma karanta jikin kwalba aikinka ne. Ka nemi inda aka rubuta kason barasar da ke ciki da alamar vol ko ABV. In a tambulan za a kawo, ka tambayi mai kawowa kai tsaye ko akwai barasa, kada kunya ta hana ka. Sun saba da tambayar.

Ladabin sha ma yana ba mutanenmu wahala. Balarabe zai zuba maka gahawa kaɗan a gindin finjali, kada ka ɗauka rowa ce, girmamawa ce. Ka karɓa da dama, in ka ƙoshi ka ɗan girgiza finjalin, in ba haka ba zai yi ta ƙara maka. A Turkiyya in an ƙoshi cokali ake ɗorawa a bakin tambulan. A kudancin Caina, in an zuba maka, ka ɗan ƙwanƙwasa tebur da yatsu biyu, godiya ke nan.

Wajen dawowa, kada ka karɓi ƙullin kowa a filin jirgi da sunan ganyen shayi ne, ko da mai furfura ne ya roƙe ka. Saudiyya kisa take yankewa a kan safarar ƙwaya. Wanda aiki ko karatu ya kai Peru ko Bolibiya, shayin ganyen koka da ake ba baƙi a can saboda tsayin tsaunuka, ya bar shi a can, don daga ganyen ake yin hodar iblis kuma yawancin ƙasashe sun haramta shigo da shi.

Ajiya kuma ita ce inda muke ƙarasa ɓarnar. Ganyen shayi yana zuƙar duk warin da ke kusa da shi. Na taɓa dawowa daga Umara da ganye mai kyau, na sa shi akwati ɗaya da turaren wuta da almiski na tsaraba. Na kai wa mai shayin layinmu ya dafa mana, ya buɗe ledar, ya shinshina, ya ce, "Alhaji, wanga ganye ya kwana da turare, ba shi shawuwa." Haka muka zubar. Ka sa shi a gwangwani mai murfi gam, nesa da turare, daddawa da kilishi. Zafin Sakkwato na Maris zuwa Mayu, da ke haura digiri 40, yana kashe koren ganye cikin 'yan watanni, don haka kada ka sayo na shekara biyu. In ruwan rijiyarku ko na burtsatse yana da gishiri-gishiri, ka dafa da wanda aka tace, in ba haka ba shayin zai yi duhu, wata fata ta taso a samansa.

Abin da ke ba ni takaici shi ne mu tsallake teku mu bar na ƙofar gida. A tsaunin Mambila, ƙaramar hukumar Sardauna ta jihar Taraba, sama da mita 1,500 daga doron teku, ana noman shayi a Kakara, shi ake sayarwa da sunan Highland Tea, kuma da yawa cikinmu ba su taɓa neman sa ba. Shayin Buzaye kuwa ba sai ka kai Tawa ko Agadas ba. Akwai wani dattijo mai gadi a Runjin Sambo da nake zuwa wurinsa bayan isha'i. 'Yar butarsa shuɗiya duk ta ƙoƙe, murhunsa na waya ne da gawayi bai fi cikin tafi ba. Yana ɗaga butar sama ya tsiyaya cikin ɗan tambulan, ya mayar, ya sake, har kumfa ta tsaya. Dahuwa uku ce a ganye ɗaya, ta farko mai ɗaci, ta biyu tsaka-tsaki, ta uku mai zaƙi, kuma sai an kwashe awa guda ko fiye. Ranar farko na sha ɗaya na miƙe zan tafi, ya kama bakin rigata ya ce, "Alhaji, zamna, saura biyu."